Yadda Ake Ceton Tsohon Ginin Ƙasa a Maraɗi Kafin Damina Ta Riske Shi

Duk wanda ya taso a Maraɗi ya ji labarin ruwan 1945 daga bakin tsofaffi. Garin da Katsinawa suka kafa a farkon ƙarni na 19, bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807 kuma Ɗan Kasawa, jinin sarautar Katsina, ya tattara jama'arsa a nan, yana cikin kwari ne a bakin gulbi, kuma da Gulbin Maraɗi ya cika ya batse a waccan shekara sai ya narkar da gidajen ƙasa har ya zama dole a tashi. Hukumar Faransawa ta mayar da garin kan tudu, aka yanka filaye da tituna, kuma a nan ne fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Ƴandaka da Limanci da Mokoyo suke a yau. Ke nan tsofaffin zauruka da sorayen da suka rage mana shekarunsu ba su wuce 80 da wani abu ba, sai dai hannuwan da suka gina su a tsohon gari suka koyi sana'a, don haka su ne shaidar da ta saura ta yadda kakanninmu suke gini. Idan suka faɗi, babu wani wuri da za a je a sake ganin wannan hannu.

Faɗuwar kuwa ba ta da wuya. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma shekara guda kafin haka, a Agustan 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masallata har aka rasa rayuka. Waɗannan gine-gine ne da duniya ta san da su. Zauren gado da ke cikin lungu a Bagalam ba shi da mai kula da shi sai masu shi, shi ya sa na ga ya dace in tsara abin da mai irin wannan gini zai yi, da kuma wanda zai fara yi kafin wani.

Aikin farko ba ya buƙatar ƙasa ko cebur. A ɗauki waya a zagaya ginin a ɗauki hotonsa ta kowace fuska, ciki da waje, har da kan soro, a matsa kusa da zanen da ke bakin ƙofa a ɗauke shi da hantsi ko da la'asar, lokacin da hasken rana yake bugunsa ta gefe tudu da kwarin zanen suke fitowa sarai. A auna tsawo da faɗin kowane ɗaki da kaurin bango a rubuta a littafi. Sannan a zauna da dattawan gidan, musamman tsofaffin mata, domin su ne suka fi riƙe labarin wanda ya gina, da inda aka haƙo ƙasar, da shekarar da aka taɓa sauya azara, a naɗi muryarsu da izininsu. Amfanin wannan zai bayyana ranar da wani sashe ya zube, magini ya tambayi yadda yake a da.

Idan gidan na gado ne, to a gama magana da magada kafin a taɓa bango. Na ga zaure mai kyau ya lalace saboda kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara, mai kuɗi yana tsoron kada a ce yana neman mallake gida, marar kuɗi kuma yana ganin ba shi da bakin magana. A kira babban gida ko limamin unguwa a yi zama, a amince a kan wanda zai riƙe aikin da abin da kowa zai kawo, a rubuta a ajiye. Idan ginin masallaci ne ko wani wuri da ya shafi tarihin gari, a sanar da fada da ofishin magajin gari da ma'aikatar al'adu ta jiha, domin tun 1997 Nijar tana da dokar kare kayan tarihi da al'adu, kuma bai kamata a sauya fasalin irin wannan wuri ba tare da shawara ba.

Sai kuma binciken cutar ginin. Lokacin da ya fi dacewa da shi shi ne ana tsakiyar ruwa a watan Agusta, mutum ya fita da laima ya ga da idonsa inda ruwa yake taruwa a kan soro, inda yake zuba, da inda yake kwanciya a gindin bango. Wanda bai samu yin haka ba zai iya karanta alamun da ruwan ya bari da kaka: layin danshi mai duhu a ƙasan bango, farin gishiri kamar kanwa da yake fitowa yana sa yaɓe ya yi gari, ramukan da ruwa ya zaizaye daga rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye saman soro, zuwa ƙasa, da tabo a jikin azara daga ciki. A fi tsananta dubawa a bangon gabas, domin daga gabas hadari yake taso mana, kuma wannan bangon shi yake shan dukan ruwa da iska fiye da sauran. A ƙwanƙwasa yaɓe da bayan yatsa, inda ya yi ƙarar fanko to ya rabu da bango. A soka tsinken ƙarfe a ƙarshen kowace azara inda ta shiga bango, domin a nan take ruɓewa, a nan kuma gara take fara ci, alhali tsakiyarta tana nan kamar lafiyayya.

Tsaga tana buƙatar haƙuri kafin a yanke mata hukunci. Akwai ƙananan tsage-tsage na yaɓe waɗanda bushewa ce ta kawo su, ba su da haɗari. Akwai kuma wadda ta ratsa bango, musamman a kusurwa ko kusa da ƙafar bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da yake tashi daga bango ya ɗauki rufi. Irin wannan, a shafa ɗan farar ƙasa mai kauri a kanta kamar faɗin tafin hannu a wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe, a riƙa dubawa duk mako. Idan shafin ya tsage, bangon yana motsi ke nan, kuma cike tsagar ɓata ƙasa ne muddin ba a gano abin da yake motsa shi ba, wanda galibi ruwa ne yake tausasa harsashi. Idan kuwa bango ya karkata, ko rufi ya lotsa a tsakiya, ko ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, a fitar da mutane daga ɗakin a ranar, a tokare rufin da itatuwa masu ƙarfi a kan katako, sannan a nemo gwani. Kada a bar yara su kwana a ciki ko da dare ɗaya ne da sunan gobe za a gyara.

Da zarar an san cutar, gyara yana farawa daga sama, kuma a nan ne mafi yawan masu gida suke kuskure, domin ido yana kan fuskar gida da mutane suke gani, sai a kashe kuɗi a kan yaɓen waje a bar soro yana yoyo. A hau soro da bazara a share shi tas, a cire ciyawa da ganyen bedi da ledojin da iska ta tara a bakin indararo. Indararo shi ne ran soro. Ya kasance ya fito daga bango aƙalla kamu guda domin ruwan ya faɗi nesa da gindi, a liƙe kewayensa da kyau inda ya ratsa rawani, domin ta nan ruwa yake sulalewa ya shiga cikin bango ba a sani ba, a kuma shimfiɗa duwatsu ko fasassun bulo a inda ruwan yake sauka don kada ya haƙa rami ya fantsama a jikin bango. A duba gangaren soron da bokitin ruwa: a zuba a wuri mafi nisa a bi shi da ido, duk inda ya tsaya a yi alama a cike.

Akwai wani haɗari a kan soro da ba a cika lura da shi ba. Shekara da shekaru ana ƙara ƙasa a kai don toshe yoyo, ba a kwashe ta da ba, har kaurin ya ninka abin da magini ya ɗora tun farko, kuma idan wannan ƙasa ta sha ruwan Agusta nauyinta yana ƙaruwa sosai. Azara guda ba ta ɗaukar tazarar da ta kai mita 2 ba tare da tallafi ba, shi ya sa magina suke ɗaura ta a jere suna turo ta daga bango kaɗan-kaɗan, ko su yi bakan gizo da ɗaurin guga, wato bakan gizo da suka gitta juna a tsakiyar rufi, don su rufe babban zaure. Lissafin nauyin da suka yi yana da iyaka. Saboda haka a haƙa ɗan rami a gefe a ga kaurin ƙasar, idan ta yi yawa a rage ta a hankali daga kowane gefe daidai wa daida, kada a kwashe ɓangare guda a bar ɗaya, musamman a kan tulluwa, wato rufi mai siffar ƙubba. Azarar da ta ruɓe a sauya ta ɗaya bayan ɗaya bayan an tokare. A nemi ta giginya namiji da ta ƙosa, mai baƙin jiki da nauyi, ita ce gara ba ta iya mata da sauƙi, a kuma saya a hannun mai takardar ma'aikatan gandun daji, domin giginya itace ce da doka ta kare.

Daga sama sai a sauko gindi. Bangon ƙasa yana tsotsar danshi daga ƙasa kamar yadda lagwani yake jan kananzir, danshin yana hawa da gishiri, gishirin yana cin bangon har ya yi masa ƙugu a ƙasa, wata rana ya durƙusa. A cikin gari abin ya ƙaru saboda an ɗaga tituna da yawa sun fi dokin ƙofar tsofaffin gidaje tudu, ruwan titi yana komowa ya kwanta a jikin bango. A gyara gangaren ƙasa ta yadda ruwa zai gudu daga ginin, a buɗe magudana, a matsar da randa da wurin wanka da wurin alwala da turken dabbobi daga jikin tsohon bango, a duba bututun famfo ko yana ɗiga a ƙarƙashin ƙasa. Dakalin da magabata suke yi a gindin bango ba don zaman hira kaɗai ba ne, shi yake karɓar fantsamar ruwa a madadin bango, don haka a mayar da shi inda ya zube. Inda gindin ya riga ya ciwu da zurfi, yaɓe ba zai riƙe ba. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar har a kai ga mai ƙarfi, a jiƙa wurin, a gina shi da busasshen tubali da kwaɓi, a yi kamar kamu biyu a tsallake kamu biyu, sai wancan ya bushe a dawo a cike na tsakani. Wanda ya buɗe gindin bango gaba ɗaya a rana guda yana iya kayar da shi a kan ma'aikata.

Zan daɗe a kan siminti, domin shi ya fi kowane abu cutar da tsofaffin gine-ginenmu, kuma da kyakkyawar niyya ake sa shi. A gidanmu ma an yi. An kawo wani mai gini ya buga ƙusoshi da waya a jikin zaure ya shafe shi da siminti, muka yi murna cewa an huta da yaɓe, bayan ƴan damuna sai wani faffaɗan ɓawo ya ɓalle ya faɗo, muka tarar da bangon da ke bayansa ya zama laka. Dalilin a fili yake. Ƙasa tana shan danshi tana kuma fitar da shi idan rana ta buga, siminti kuwa yana toshe wannan numfashi, kuma tunda ba sa kumbura da tsukewa tare, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Daga waje bango yana sheƙi, daga ciki yana narkewa, gara kuma ta samu inuwa da danshin da take so. Wanda bai sa ba kada ya sa, haka ma fentin mai da kwalta. Wanda ya riga ya sa, ya cire shi da rani a hankali, yanki-yanki, ya fara da gindi da inda ya yi fanko, ya bar bangon ya sha iska makonni kafin ya yaɓe. Daɓen siminti da aka kai har jikin bango shi ma yana tura danshi cikin bangon, ya kamata a fasa kamar taki guda a gefe a cike da tsakuwa.

Yaɓe na ƙwarai daga zaɓen ƙasa yake farawa. Ƙasar tudun Maraɗi jigawa ce, yashi ya yi mata yawa ba ta kama jiki, lakar fadama kuwa ita kaɗai tana tsagewa idan ta bushe, don haka sai an gauraya. Babu ma'auni guda da zai yi wa kowa, domin ƙasar kowane rami daban take. Abin yi shi ne a yi gwaji a jikin bangon: a shafa wurare huɗu ko biyar masu faɗin faranti, kowanne da nasa yawan yashi, a bar su kwana uku, a zaɓi wanda bai tsage ba kuma bai zube ba da aka goga masa hannu. Ƙasar da ta zubo daga tsohon bangon kanta tana da kyau a sake kwaɓawa, ban da ta gindi mai gishiri, wannan a kwashe ta a kai nesa. A zuba yankakkiyar ciyawa da kashin doki ko na shanu, a tattake da ƙafa, a rufe a bar kwaɓin ya ruɓa kwanaki ana juyawa ana ƙara ruwa. Gaggawa a wannan mataki ita ce take sa yaɓen zamani ya kasa kai damina biyu. A share bango a yayyafa masa ruwa, a jefa kwaɓin da ƙarfi ya kama, a yi shi siriri hawa biyu ko uku, kowane hawa ya sha iska kafin na gaba, kuma a yi aikin da sassafe ko da yamma domin rana tsaka tana busar da fuska ta bar ciki ɗanye.

Don hana ruwa ratsawa, magabata suna da makuba, wato ruwan da ake samu idan an jiƙa ɓawon ɗorawa, ana kwaɓa shafin ƙarshe da shi yana ba bango duhun ja da tauri. Suna kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga ramin marina a ƙona a daka, da gashin jima, da yauƙin saiwar dafara, kuma shi ake shafa wa soro da rawani da zankwaye. A garin da ya yi suna da jar akuya da fatunta, gashin jima bai kamata ya gagara ba, katsi ne ya yi wuya tun da marinar baba ta ja baya. Inda ba a samu laso ba, makuba ta wadatar idan ana sabunta ta a kan kari. Zanen bakin ƙofa kuma a bar shi ga mai hannu. A liƙe abin da ya ɓamɓare, a cike inda ya ɓace bisa ga hoton da aka ɗauka, kada a kankare tsohon zane a yi sabo don ya fi kyau, kuma inda babu hoto babu mai tunawa, gara a bar wurin a shafe da a ƙirƙiro abin da bai taɓa kasancewa ba.

Duk wannan yana komawa ga magini. A nemi dattijon da ya yi ginin tubali da hannunsa, a tambaya a fada ko a wajen masu unguwanni, a duba har Tsibiri da ƙauyukan da ke kewaye inda sana'ar ba ta mutu ba. A je masa da ladabi a kira shi Baba, a nuna masa ginin a saurari abin da zai ce kafin a faɗa masa abin da ake so, a biya shi hakkinsa ba tare da an raina aikin ƙasa a kan na bulo ba. Ina roƙon duk mai irin wannan aiki ya haɗa shi da samari biyu ko uku daga cikin gidan su yi masa hidima su koya, domin ɗaurin guga ba a koyonsa da baki. Falke Barmu, wanda ya fara gina masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, magini ne na ƙauye, kuma aikinsa ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye ne saboda ana hawa ana sabunta mata yaɓe, kuma tsohon garin ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013.

Ginin da aka gyara aka kulle ba ya daɗewa, domin babu mai ganin ɗigon farko. A ba shi aiki: zaure ya koma wurin karatun allo ko wurin saukar baƙi ko shagon ɗinki. A Dandaji ta jihar Tawa, da jama'a suka buƙaci babban masallaci, ba a rushe tsohon ba, an gyara shi aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon a gefensa, aikin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018. Idan za a sa wuta, a bi da waya a kan bango cikin bututu, kada a tsaga mata hanya a jikinsa. Idan yoyo ya gagara har aka ga sai an ɗora kwano, a ɗora shi a kan sassauƙan katako a bayan rawani inda ba zai ɓata fuskar ginin ba, a bar sarari iska tana ratsawa tsakaninsa da soron, a kuma tabbatar ruwansa yana zuba nesa da gindi.

Daga nan sai a riƙe kalandar shekara. Da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, a zagaya a rubuta ɓarnar da damina ta yi. Da hunturu a haƙo ƙasa a buga tubali a tanadi ciyawa da ɓawon ɗorawa, a yi manyan ayyuka irin su sauya azara da gyaran gindi tun akwai watannin bushewa a gaba. A watan Afrilu da Mayu a yi yaɓe da shafin makuba, a gama kafin hadarin farko na Yuni. Da damina kuma, washegarin kowane babban ruwa, wani daga cikin gida ya hau soro da tsintsiya da ɗan kwaɓi a kwano, ya buɗe bakin indararo, ya toshe duk ramin da ya gani tun yana kamar bakin tulu.